Aristofanis na Atina: gwarzon faɗar gaskiya ne ko mai zambon da ya ja wa Sokratis?

Bazazzage:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina so mu ɗan tattauna kan wani mutum da ya tsaya min a rai kwana biyun nan, sunansa Aristofanis, mutumin birnin Atina ta ƙasar Girka, marubucin wasan barkwanci. An haife shi wajen shekara ta 446 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya mutu wajen 386, ku tuna lissafin wancan zamanin da baya-baya yake tafiya, shekara na gaba lamba na raguwa. Wasa kusan 40 ya rubuta, 11 ne suka iso mana cikakku, kuma duk cikin tsararrakinsa masu wasan dariya shi kaɗai ne aka samu wasanninsa cikakku, sauran sai guntattaki.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne samartakarsa gaba ɗaya a cikin yaƙi ya yi ta, Atina da Sparta sun gwabza daga 431 har 404, shekara 27, manoma sun bar gonaki sun cunkushe cikin ganuwa, ga annoba ta shigo a 430 ta yi ta ɗibar mutane. A wannan halin yaro ɗan shekara ashirin ko kusa da haka ya tashi yana caccakar manya a gaban dubban jama'a. A 426 ya yi wani wasa da ya taɓa masu mulki, babban ɗan siyasar lokacin Kiliyon ya kai ƙararsa majalisa wai ya zubar wa gari mutunci a gaban baƙi. Kuma fa 'yan gunduma ɗaya ne shi da Kiliyon ɗin. Wani da ya ja baya, shi kuwa bayan shekara biyu sai ya fito da wasan Barade, ya mai da talakawan Atina wani tsohon maigida mai nauyin kunne, Kiliyon kuma bawansa majemi mai daɗin baki da ke sace abincin maigidan, ƙarshe wani mai tallan hanjin da aka cusa wa nama a bakin kasuwa ya zo ya fi shi iya ihu da ƙarya ya kore shi. Kiliyon yana kan ganiyarsa a lokacin, bai daɗe da kamo sojojin Sparta a tsibirin Sfakteriya ba. Kuma wasan ne ya zo na ɗaya. Ni wlh a wurina wannan gwarzo ne.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ban gane "ya zo na ɗaya" ba, gasa ake yi? kuma a ina suke nuna wasan tunda ba silima ba talabijin

Bazazzage:
Eh Auta gasa ce. Biki biyu suke yi a shekara na abin bautarsu Diyonisos, ɗaya a lokacin sanyi wanda kusan 'yan gari ne kawai, ɗaya kuma babba da bazara lokacin da jiragen ruwa suka fara zirga-zirga baƙi sun cika gari, shi ya sa ma ƙarar Kiliyon ta yi nauyi don a babban aka yi wancan wasan. Filin yana gindin dutsen Akropolis, mutane na zaune a gangaren dutse sama-sama, da rana tsaka ake yi. 'Yan wasa duk maza ne har masu fitowa a mata, kowa da abin rufe fuska, an cusa musu tsumma a ciki da baya don su yi tulu-tulu. 'Yan amshi mutum 24 ne masu waƙa da rawa, su ne ake yi wa shigar tsuntsaye ko rina ko gizagizai, kuma kuɗin kayansu da horar da su hukuma ce ke ɗora wa wani attajiri, kamar haraji. Alƙalan gasa da ƙuri'a ake fitar da su. Abin da ya fi burge ni, a tsakiyar wasa sai labari ya tsaya cak, 'yan amshi su matso gaba su fuskanci 'yan kallo su yi magana da bakin marubucin, ya yabi kansa, ya zagi abokan gasarsa, ya ba gari shawara, sannan a koma labari.

Lauya Ƙarami:
Yaya Bazazzage ka kawo rabin magana ka bar rabi. Ka kawo Kiliyon don shi mai ƙarfi ne kowa zai tafa maka, to ina Sokratis masanin falsafa? Mutumin da ba shi da muƙami ba shi da dukiya, yana yawo ba takalmi yana yi wa mutane tambayoyi a kasuwa, shi wane mulki gare shi da za a ce an yi jarumta da aka taɓa shi?

Ga wanda bai karanta ba, a 423 Aristofanis ya yi wasan Gizagizai. Wani tsohon manomi ne bashi ya yi masa katutu saboda ɗansa ya haukace da dawaki, sai ya ce bari ya je makarantar Sokratis ya koyo dabarar magana da zai kayar da masu bin sa bashi a kotu. Yana zuwa ya tarar ɗalibai na auna nisan tsallen ƙuma da kakin zuma a ƙafarta, shi kuma Sokratis yana lilo cikin kwando a sama wai yana nazarin rana, yana cewa ba babban abin bautarsu Zus ne ke saukar da ruwa ba gizagizai ne. Tsoho ya kasa ɗaukar karatu ya turo ɗan, ɗan ya koya ya ƙware, ya dawo gida ya lakaɗa wa ubansa duka kuma ya kawo hujja cewa daidai ya yi. Ƙarshen wasan uban ya hau rufin makarantar ya cinna mata wuta.

To ku duba tuhumar da aka yi wa Sokratis a 399: bai yarda da allolin gari ba, kuma yana lalata tarbiyyar matasa. Ba ita ce ta cikin wasan ba tsaf? Kuma ba ni na haɗa ba, a jawabin kare kai da ɗalibinsa Aflatun ya rubuto, Sokratis da bakinsa ya ce tsofaffin masu ɓata masa suna sun fi waɗanda suka kawo shi kotu haɗari, har ya ambaci wasan Aristofanis inda aka nuna shi yana cewa yana tafiya a kan iska. Mutum wajen 500 ne suka zauna suka yanke hukuncin, da yawansu tun suna samari suka sha wannan hoton. Aka ba shi guba ya sha. Kuma gaskiyar magana Sokratis bai karɓar kuɗin koyarwa, wasan kuwa ya nuna shi kamar malaman nan masu sayar da iya magana. Wannan ƙage ne Yaya, ko da dariya aka yi shi.

Maman Biyu:
Lauya maganarka ta taɓa ni sosai don na ga irinta da idona. Muna aji huɗu a sakandaren kwana muka yi dirama ranar bikin ƙarshen zango, ni na fito a wani malaminmu na lissafi, bawan Allah mai in'ina kaɗan kuma yana da wata riga ɗaya ruwan ƙasa da kullum ita ce, na samo irinta na sa, na shafa alli a hannun rigar kamar yadda tasa take zama, na riƙa maimaita wata kalma da yake sarƙewa a kai. Zauren nan ya kece da dariya har shugabar makaranta tana share hawaye, shi ma yana zaune a layin gaba yana murmushi. To kalmar nan ita ta zama sunansa. Na koma makarantar bayan shekara tara kai ƙanwata, ina tsaye bakin ofis na ji wasu 'yan aji ɗaya da ba su san ni ba ba su san diramar ba suna kiransa da sunan a bayan idonsa, ya wuto da guntun alli a hannu ya yi kamar bai ji ba. Har yau in na tuna sai na ji ba daɗi, na nemi gafararsa ya ce ba komai amma sunan bai fita ba. Don haka in an ce wasa ba ya kisa ni ban yarda ba gaba ɗaya.

Bazazzage:
Allah sarki Anti, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Lauya ban musa maka cewa hoton ba na adalci ba ne, amma ɗora masa jinin mutumin ya yi yawa. Na farko wasan nan faɗuwa ya yi, na uku ya zo wato na ƙarshe. Wanda ya ci gasar tsoho Kiratinos ne, wanda Aristofanis ya yi wa ba'a a shekarar da ta gabata cewa ya tsufa giya ta gama da shi, sai tsohon ya rama da wasa a kan kansa, ya nuna Barkwanci matarsa ce tana ƙarar ya guje ta ya koma wa tulun giya, jama'a suka ba shi na ɗaya. Aristofanis abin ya yi masa ciwo har ya sake gyara Gizagizai yana yi wa 'yan kallo ƙorafi a ciki, kuma gyararren ne ya iso hannunmu. Ba ma shi kaɗai ke sa Sokratis a wasa ba, sauran marubutan ma suna yi.

Sannan tsakanin wasan da shari'ar shekara 24 ne fa, kuma ka san abin da ya faru a tsakani. Atina ta sha kashi a 404, Sparta ta ɗora wasu mutum talatin suka yi ta kashe jama'a suna ƙwace dukiya, jagoransu Kiritiyas yana cikin masu zama wurin Sokratis, haka Alkibiyadis da ya taɓa gudu ya koma ɓangaren Sparta. Bayan an kore su a 403 aka yi yarjejeniyar afuwa cewa ba za a tuhumi kowa kan abin da ya wuce ba, to haushin da ke cikin mutane sai ya nemi wata ƙofa. Ni a nan nake ganin tushen abin.

Kuma shi Aflatun ɗin da ka kafa hujja da shi, bayan mutuwar malaminsa ya rubuta labarin wata walima, ya zaunar da Aristofanis da Sokratis wuri ɗaya ana hira lafiya lau, shaƙuwa ma ta kama Aristofanis sai da aka tsallake shi, da ta sake shi ya kawo labarin nan na cewa asali mutane dunƙule suke hannu huɗu ƙafa huɗu aka raba su biyu, shi ya sa kowa ke yawon neman rabinsa. Mutum zai ba wanda ya kashe masa malami magana mai daɗi haka?

Lauya Ƙarami:
Na yarda ba shi kaɗai ba ne, kuma maganar mutum talatin ɗin nan tana da ƙarfi. Amma faɗuwa a gasa ba ta goge abin da ido ya gani, ai ka ji labarin Anti. A kotu ma mai shaidar zur ba shi ke yanke hukunci ba amma ba a wanke shi. Shi kuma Aflatun ɗin guda ne ya rubuta duka biyun, me ya sa za mu ɗauki na walima mu bar na kotu?

Malam Babba:
Salamu alaikum. Na daɗe ina bibiya ban sa baki ba. Ina so in ƙara muku wani abu ta ɓangaren da na ɗan sani. Lokacin da aka fassara littattafan Yunanawa zuwa Larabci a Bagadaza, an ɗauki falsafa da likitanci da lissafi da ilimin taurari, amma ba a ɗauki wasannin nan ba, shi ya sa malamanmu sun san Suƙraɗu (wato Sokratis) da Aflatun da Arisɗo amma wannan mutumin ba su san shi ba. Har ma da Abu Bishr Matta, wanda ya rasu a 940 Miladiyya, ya fassara littafin Arisɗo kan waƙa, da ya zo kan kalmar wasan ban tausayi sai ya ce madahu, wasan dariya kuma ya ce hija'i, wato yabo da zambo, don su ne abin da Larabawa suka sani, Ibn Rushd ma a kan haka ya yi sharhinsa. Mutane na cewa kuskure ne, to amma in aka dubi wannan Aristofanis ɗin da kuke ba da labari ai hija'in bai yi nisa da gaskiya ba, zambo ne da suna.

Abin da nake so yara su sani kafin su je nema, akwai batsa a ciki mai yawa, ba kaɗan ba, har kayan da 'yan wasan ke ɗaurawa a jiki ba na faɗa ba ne a nan, kuma bikin kansa na gunki ne. Wanda zai karanta ya karanta da ilimi don sanin tarihin mutane. Mu ma nan ai muna da 'yan gambara da bakinsu ba linzami, muna da 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai su mai da shi zancen tuwo da miya, ga wasan gauta da ake kwaikwayon sarki da fadawansa sarki na kallo, ga tashe da azumi. Ko'ina mutane suna ware wani lokaci da ƙarami zai faɗa wa babba magana. Bambancin da na gani, namu ya fi yawa a habaici, su kuwa suna kama suna ne ƙiri-ƙiri mai sunan yana zaune.

Lauya Ƙarami:
Allah ya gafarta Malam, wannan na hija'i ban taɓa ji ba, na ƙaru.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga Malam da kowa. Ni tambayar da ta fi damuna ita ce ta ɗaukakar, don kuna magana kamar tun farko kowa ya yarda shi ne sarkin. Ba haka ba ne fa. Bayan mutuwarsa da shekara arba'in da 'yan kai aka haifi Minanda, wajen 342, shi ma ɗan Atina, ya rubuta wasa sama da 100. A zamaninsa Makidoniya ta riga ta danne garin, ba mai iya tashi ya zagi shugaba da suna, sai wasan ya koma cikin gida: tsoho mai rowa, saurayi na son yarinya, bawa mai wayo, jaririn da aka yar aka gane shi da wata alama bayan ya girma. Ɗaruruwan shekaru Minanda ne ake ji da shi, gumakansa da hotunan wasanninsa sun cika gidajen Rumawa, marubucin Girka Fulutak ma ya rubuta kwatanci tsakaninsu ya fifita Minanda ya ce Aristofanis bakinsa ba tsabta. Marubutan Rum Filotus da Terens daga irin wasanninsa suka ɗiba, daga su kuma Moliyer na Faransa ya ɗiba, wanda mu nan Nijar muka karanta a lise, wato sakandare, labarin marowacin nan nasa daga Filotus ya samo shi. In ka bi diddigi yawancin diramar iyali da ake yi a talabijin yau jikokin Minanda ne ba na Aristofanis ba.

Amma sai ga shi littattafan Minanda sun ɓace ƙaf, sama da shekara dubu ba mai wasansa ko ɗaya sai 'yan jimloli da wasu suka tsinto. Sai a 1905 aka tono wasu takardun gargajiya a Masar, irin waɗanda ake yi da ciyawar bakin Nilu, aka samu manyan ɓangarori na wasu wasanninsa, sannan a 1958 aka buga wasansa guda kusan cikakke, na wani tsoho mai baƙin rai da ba ya son mutane. Rairayin Masar ne ya adana shi don ba danshi.

Auta:
To Yaya Ɗan Maraɗi ya aka yi wanda aka fi so ya ɓace, mai zagin mutane kuma ya tsira??

Ɗan Maraɗi:
Malaman makaranta ne ƙanena. A daular Rumawan gabas, ta Kustantiniya, duk mai son ya zama wani sai ya iya rubuta Girkanci irin na Atina ta dā tsantsa, kuma suna ganin harshen Aristofanis shi ne ma'auni, na Minanda kuwa ya ɗan sauko kusa da na gama-gari. Sai aka riƙa kwafe Aristofanis da hannu ana koya wa yara, musamman guda uku, Dukiya da Gizagizai da Kwaɗi, gefen shafi cike da sharhi don bayyana wane ne wane da aka zaga. Akwai kwafi ɗaya da aka rubuta wajen shekara ta 950 Miladiyya, yana birnin Rabenna a Italiya yanzu, shi ne ke ɗauke da duka 11 ɗin. A 1498 aka fara buga tara daga ciki da injin ɗab'i a Banis. Wato Kiristoci masu tsananin addini ne suka yi ta kwafe wannan batsar shekara da shekaru saboda nahawu.

Maman Biyu:
Ni dai wanda na karanta guda ɗaya ne, Lisistirata, na 411, kuma don shi nake ɗaga wa mutumin ƙafa duk da abin da na faɗa ɗazu. Shekara biyu kafin nan rundunar Atina ta hallaka a Sisili, gida-gida ana makoki. Sai ya kawo mace ta tara matan Atina da na Sparta da sauran garuruwa suka yi rantsuwa ba mai kusantar mijinta sai an yi sulhu. Kowa wannan ɓangaren yake riƙewa don shi ne na dariya, amma matan sun kuma mamaye Akropolis inda baitulmali yake suka ce ba kuɗin yaƙi. Da wani jami'i ya zo yana musu tsawa wai ina ruwan mata da yaƙi, ta ce mu ke haifar 'ya'yan mu miƙa su, kuma in mun tambayi mazanmu me aka yanke a majalisa sai a ce yi shiru ki ci gaba da saƙarki. Sannan ta kwatanta masa gyaran gari da aikin ulu, a wanke dauɗa, a tsince ƙaya, a taje shi, a haɗa zare wuri ɗaya a saƙa wa jama'a riga. Akwai inda ta ce namiji ko da furfura ya dawo daga yaƙi zai auri yarinya, ita kuwa budurwar da ta zauna jira lokacinta ya wuce. Wlh da na zo nan sai da na ajiye wayar, don na san mata a unguwarmu da rikici ya mayar haka.

Kuma ba a takarda ya tsaya ba, a watan Maris na 2003 an karanta wasan nan a ƙasashe sama da 50 rana ɗaya don adawa da yaƙin Iraƙi. Matan Laberiya ma su Leymah Gbowee sun yi irin wannan yajin lokacin yaƙinsu, duk da su daga halin da suke ciki abin ya fito, zaman dirshan ɗinsu ne ma ya fi tasiri.

Bazazzage:
Anti kin kawo ni gida. Wannan wasan an taɓa yin sa a nan Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello a 1964. Wasu malamai biyu Turawa da ke koyarwa a nan, Tony Harrison da James Simmons, suka juya shi ya dace da nan suka sa masa suna Aikin Mata, aka buga shi littafi a Ibadan a 1966. Da Turanci ne amma jagorar matan sunanta Magajiya, kuma tunda a asalin wasan mutanen Sparta da karin harshensu daban suke magana, sai suka ba su Turancin buroka. Ku dubi shekarun, ana gab da shiga yaƙin basasa.

Lauya Ƙarami:
To ai ga tambayata ta biyu nan Yaya. Me dariyar ta hana? An ba Barade na ɗaya, bayan 'yan makonni mutanen nan dai suka zaɓi Kiliyon janar. Ya yi wasan manomin da ya ƙulla sulhunsa shi kaɗai da Sparta a 425, yaƙi ya ci gaba. Ya yi na mutumin da ya hau ƙaton buzuzu ya tashi sama neman Zaman Lafiya a 421, an yi sulhu kwanaki kaɗan bayan nan amma don Kiliyon da janar ɗin Sparta sun mutu a Amfipolis ne bara, ba don wasa ba, kuma sulhun bai daɗe ba. Lisistirata ma shekara bakwai aka ƙara ana yaƙi. Mai ƙarfi ya sha zambo ya kakkaɓe rigarsa ya wuce, marar gata ne abin ya manne wa. Wannan shi ne ke damuna da shi.

Malam Babba:
Kiliyon ɗin ma ka tabbata ya wuce lafiya ɗana? Yau duk wanda ya san shi ta bakin mutum biyu ya san shi, wannan mai zambon da Tusididis mai tarihi, kuma dukansu ba sa ƙaunarsa. Ba mu da bakinsa.

Bazazzage:
Gaskiya ne Malam. Kuma Lauya ba kowane lokaci ne maganarsa ta faɗi ƙasa banza ba. Ka ɗauki Kwaɗi na 405, gari na dab da faɗuwa, manyan marubutan wasan ban tausayi Yuripidis da Sofokilis duk sun mutu a shekarar da ta gabata. Sai ya sa Diyonisos ya tafi lahirarsu ya dawo da Yuripidis, yana tuƙa kwalekwale kwaɗi na masa kuka yana mayar musu, ya isa ya tarar ana rigimar kujera tsakanin Yuripidis da tsoho Eskilos, shi ma marubucin wasan ban tausayi ne da ya riga su mutuwa, har aka kawo sikeli kowa ya faɗi baiti a auna wanda ya fi nauyi. Ƙarshe ya tambaye su shawarar yadda za a ceci gari, ya fasa ɗauko wanda ya je dominsa ya taho da Eskilos. A tsakiyar wasan 'yan amshi suka juyo suka roƙi jama'a a mayar wa mutanen da aka ƙwace wa 'yancin ɗan ƙasa saboda juyin mulkin 411 haƙƙinsu, suka ce gari ya yar da tsofaffin kuɗinsa na azurfa masu kyau yana ciniki da sababbin jan ƙarfe marasa daraja, haka yake yi da mutanensa. Wasan ya zo na ɗaya, aka ba da izinin a sake nuna shi wanda ba a saba yi ba, kuma kafin shekarar ta fita bayan an hallaka jiragen yaƙinsu aka zartar da dokar mayar wa mutanen haƙƙin nasu. Ba zan ce shi kaɗai ya jawo ba, amma ya faɗa a gaban kowa tun ba a yi ba.

Bayan yaƙin kam wasanninsa sun yi sanyi, Dukiya na 388 kusan ba zagin manya a ciki, zancen talauci ne da makahon abin bautar arziki da aka buɗe wa ido, biyu na ƙarshe ma ɗansa Araros ya ba ya nuna.

Lauya Ƙarami:
A cikin Kwaɗin nan ma fa kusa da ƙarshe sai da ya sake taɓa Sokratis, wai gara kada mutum ya zauna gefensa yana surutu. Shekara shida kafin a kashe shi. Ni dai ban sauka daga maganata ba Yaya.

Maman Biyu:
To ku bar shi haka mu karanta da idonmu. Gizagizai ba shi da tsawo, jawabin Sokratis na kotu ma haka, zuwa Asabar bayan isha'i kowa ya gama mu dawo kansu biyun tare. Auta kai ka fara da jawabin kotun, Gizagizai ka jira Yayanka ya turo maka wuraren da Malam ya yarda.

Auta:
To Anti. Yaya Bazazzage a turo min da na buzuzun nan ma dan Allah